Sarautar Kurfai da Zuwan Majalisa

Wanda ya bar Yamai ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Balleyara yana bin kwarin Dallol Boso, bayan tafiyar kilomita wajen 180 zai sauka Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai, wadda sarautarta, ko da yake ba ta kai ta Katsina ko Gobir tsufa ba, ta ga sauye-sauyen zamani iri iri cikin ƙarni guda tak.

Kafin zuwan Nasara, Kurfayawa ba su da sarki ɗaya wanda hukuncinsa ya game ƙasar duka. Kowane gari da dattawansa, in kuwa mahara suka taso daga arewa sai a bi bayan mayaƙi har ƙura ta lafa. Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, suna bukatar wanda zai tara musu haraji da 'yan aikin dole, sai suka ɗaukaka Mayaƙi Gado Namalaya bisa sauran jama'a, aka sami sarauta mai ƙarfi a kan talakawa, alhali ita kanta tana ƙarƙashin inuwar kwamandan Faransawa, ba ta da majalisar da za ta tsawata mata, shawara kuwa, wadda shari'a ta ɗora wa kowane shugaba, ba ta cikin sharuɗɗan Nasara.

To, jama'ar da aka hana bakin magana ba ta rasa wata ƙofa. A 1925, a garin Cikal, wata mace mai suna Shibo ta fito da Babule, iskokin da ke hawa mutane su riƙa tafiyar soja, suna sara wa juna, suna ba da oda kamar gwamna da kwamanda. Mabiyanta suka ƙi haraji, suka ƙi aikin dole, suka juya wa sarki baya, har aka kama ta da mutanenta aka kai su kurkukun Yamai. Malamai ba su yarda da wannan tafarki ba, kuma suna da hujja, amma zaluncin da ya haife shi ba abin musu ba ne.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu al'amura suka juya. A 1946 aka soke aikin dole, aka kafa majalisar farko ta Nijar. A 1956 kowane baligi, mace da namiji, ya sami ƙuri'a. Ran 18 ga Disamba 1958 aka yi shelar jamhuriya. Gidan sarautar bai tsaya kallo ba, domin Adamu Mayaƙi, haifaffen Filinge a 1919, ya shiga siyasa tun farkonta, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1963 zuwa 1965, Ibrahim Hasan Mayaƙi kuma ya zama firaminista a 1997. Sai dai majalisar ba ta daɗe da muryoyi biyu ba: an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, jam'iyya ɗaya ta yi ta cin zaɓe ba hamayya, har Seyni Kunce, ɗan Fandu a wannan yanki, ya rufe zauren baki ɗaya ran 15 ga Afrilu 1974.

Ta fuskar arziki, abin da ya fi tabbata shi ne gidan kiwo na Tukunus, arewa da Filinge, inda aka daɗe ana zaɓen irin shanun Azawak masu yawan nono da jure fari, makiyaya na zuwa neman bijimai. Amma gero har yau damina yake jira, samari kuma suna tafiya cin rani kamar iyayensu.

A zaɓen 2004 Filinge da Kurfai ta Tsakiya suka sami majalisun gari, inda aka ba sarki kujerar shawara, ƙuri'a kuwa aka bar wa zaɓaɓɓu, har aka rushe majalisun a 2024. Wajibi ne Kurfayawa su halarci zamansu duk lokacin da aka sake buɗe su, su nemi a karanta musu lissafin harajin kasuwa, su tambayi rijiya nawa aka gina da shi bana.