Na'urar buga rasit marar tawada: Yadda ake girka ta da abin da ke kashe ta kafin lokaci

Duk wanda ya taɓa cire kuɗi a wurin mai POS, ko ya sayi wutar lantarki aka miƙo masa 'yar takarda mai lamba 20, ko ya ciri tikitin layi a zauren banki, ya riƙe aikin wata na'ura da mutane kaɗan ne suka san sirrinta. Ba a zuba mata tawada, ba a kuma sauya mata garin bugu kamar firintar ofis. Da zafi take rubutu, kuma tawadar tana jikin takardar tun daga masana'anta. Wannan ne ya sa ta zama mai araha da sauri, shi ne kuma tushen kusan duk matsalolinta.

Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, biyan kuɗi ta kati da taransifa ya shiga kowane lungu, daga Kantin Kwari zuwa rumfar mai shayi. A manyan kantuna da bankuna da tashoshi kuwa, ana ƙara ganin akwatin yi-da-kanka, wanda mutum zai tsaya gabansa ya latsa allo, ya biya, ya karɓi rasit ba tare da ma'aikaci ba. A irin wannan akwati firintar ce ke da sassa masu motsi fiye da kusan komai, don haka ita ce ta farkon tsayawa. Idan ta tsaya, kuɗi sun riga sun fita daga asusun mai saye, amma babu shaida a hannunsa, kuma babu wanda zai yi wa magana.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da wata na'ura mai suna Silent 700 a 1971, wadda ke rubutu da zafi ba tare da ƙarar keken rubutu ba. Abin da ke cikin na'urorin yau bai yi nisa da wancan tsari ba. Akwai wani siririn sanda na tangaran da ake kira kan bugu, wanda aka jera masa ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi, guda takwas a kowace milimita. A na'ura mai cin takarda mai faɗin milimita 58, irin ta POS, ɗigogin kan kai 384. A mai milimita 80, wadda aka fi sa wa akwatunan yi-da-kanka da teburin kashiya, yawanci 576 ne. Wata rola ta roba tana danna takardar a jikin kan, ƙaramin inji yana juya rolar, ɗigogin da ake bukata suna yin zafi na ɗan ƙiftawar ido su huce, layi bayan layi, har rubutu ya fito.

Ita kuwa takardar, an shafe fuska ɗaya tata da rini marar launi tare da wani sinadari mai ɗan tsami. Muddin suna a daskare ba sa haɗuwa. Da zarar zafi ya narkar da su sai su cakuɗa, wurin ya yi baƙi. Shi ya sa idan aka karce rasit da farce da ƙarfi layi ke fitowa: zafin gogayyar ya isa. Wannan ce ma hanya mafi sauƙi ta gane fuskar da ya kamata ta kalli kan bugu. Yawancin kukan da ake kai wa mai gyara cewa “na'ura tana fitar da farar takarda” ba ya wuce an juya naɗin ta baya.

Wajen girkawa ne ake tafka kurakuran da ake biyan kuɗinsu daga baya, kuma babba a cikinsu shi ne wuta. Firintocin akwati galibi suna aiki ne da bolt 24, amma sanin bolt kaɗai bai isa ba. Lokacin da na'urar ke buga rubutu zalla, ɗigogi kaɗan ne ke kunne a lokaci guda. Idan ta zo kan tambarin kamfani mai baƙi ƙirin, ko lambar QR, ɗaruruwa ne ke kamawa tare, sai ta ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da ta saba ja. Adaftar da aka saya don araha, wadda ƙarfinta ya tsaya daidai kan matsakaicin bukata, a nan take gazawa: rubutu ya dusashe a tsakiyar rasit, ko na'urar ta mutu ta sake tashi, ta bar takarda rabi a ciki rabi a waje. Mai akwatin sai ya zargi manhaja, ko ya zargi firintar, alhali laifin adafta ne. Ya kamata a duba littafin na'urar a ga iyakar wutar da take ja a ƙololuwa, a sayi abin da ya ɗara haka, kuma kada a raba mata layi da allo ko kwamfutar akwatin idan da hali.

A ƙasar da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta sau da dama a yini, UPS ba kayan ado ba ne. Haka ita ma wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. A lokacin hunturu iska ta bushe, takarda mai gudu a kan roba tana tara irin lantarkin nan da ke tsinkar mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Idan jikin ƙarfen firintar bai haɗu da wannan waya ba, lantarkin zai nemi hanya ta cikin kan bugu ko allon na'urar, ya yi ɓarnar da ba a gani sai daga baya.

Na biyu shi ne hanyar takarda. Dole bakin firintar ya yi daidai da tsagar akwatin da rasit ke fitowa, ba tudu ba kwari, domin ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya sa bakin takarda ya tokare ta naɗe a ciki. Naɗin akwati kan yi girma, wani ya kai faɗin santimita 15 ko fiye, kuma mai nauyi ne. Idan inji ya fizge shi farat ɗaya, rubutun farkon rasit kan matse, shi ya sa ake sa wani ɗan sanda mai sifirin tsakanin naɗin da firintar don ya sassauta fizgar. Masu haɗa akwati a gida sukan cire shi don ganin ba shi da amfani, kuma kuskure ne.

Akwai kuma sashen da ya bambanta firintar akwati da ta kan tebur, wato mai miƙa rasit. Aikinsa shi ne ya riƙe takardar a ciki har a gama bugu, wuƙa ta yanke, sannan ya turo ta waje. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san halin mai sauri: da ya ga bakin takarda ya leƙo, zai ja. Jan takarda ana tsakiyar bugu yana karkatar da ita, yana kuma iya kama wuƙa a tsakiyar yanka. Wasu na'urorin har sukan janye rasit ɗin da ba a ɗauka ba bayan ɗan lokaci su jefa shi cikin akwati, don kada bayanan wani su faɗa hannun na bayansa. Wanda zai sa na'ura a wurin da babu mai tsaro, bai kamata ya yi tsumulmular kuɗin wannan sashe ba.

Haɗa ta da kwamfuta bai da wuya. Ana yi ta USB, ko ta tsohuwar waya mai suna RS-232, ko ta wayar intanet, kuma mafi yawansu suna jin yaren umarni na ESC/POS da kamfanin Epson na Japan ya tsara. Kafin a haɗa komai, a riƙe maɓallin tura takarda a kunna na'urar. A yawancin samfura za ta buga takardar gwajin kanta mai ɗauke da saitunanta. Idan wannan ta fito tsaf, duk matsalar da ta biyo baya ta waya ce ko ta manhaja. Idan an haɗa ta RS-232 aka ga tana zubo haruffa marasa ma'ana, saurin aika saƙo ne bai daidaita ba, misali ɓangare ɗaya yana kan 9600 ɗayan yana kan 115200.

A nan akwai wani abu da ya shafi mai son buga rasit da Hausa. Haruffan da aka dasa a cikin yawancin waɗannan na'urori ba su ƙunshi ƙ da ɗ da ɓ ba, sau da yawa ma babu alamar naira, shi ya sa ake ganin NGN ko alamar tambaya a gaban kuɗi. Mafitar ita ce manhajar ta aika rubutun a matsayin hoto. Yana ɗan rage sauri, amma ya fi a rubuta wa mutum “kudi” a inda ake nufin kuɗi.

Masu ƙera kan bugu sukan auna tsawon rayuwarsa da kilomita na takarda, daga 50 zuwa 150 gwargwadon samfuri, wuƙa kuma da yawan yanka, wanda kan kai miliyan ɗaya ko fiye. Idan aka ɗauki mafi ƙanƙanta, kilomita 50, rasit kuma mai tsawon santimita 15, za a samu rasit sama da 330,000. Shagon da ke buga 300 a kullum zai yi kimanin shekara uku da shi. Sai dai wannan lissafi na ɗaki mai tsabta ne da takarda mai kyau. A bakin titi a Kano ko Maiduguri cikin watan Janairu, ƙurar hunturu tana sauka a kan naɗin, rola tana danna ta a jikin kan, kowane rasit ya zama tamkar sanfefa. Sannu a hankali rufin gilashin da ke kare ɗigogin zai cinye. Alamarsa farin layi ne siriri da ke ratsa rasit daga sama har ƙasa a wuri guda. Idan an goge ya ɓace, datti ne. Idan ya ƙi ɓacewa, ɗigo ya mutu, kuma ba a gyara shi sai dai a sauya kan gaba ɗaya. A rubutu ana iya haƙuri da layi ɗaya, amma idan ya faɗa kan lambar da ake dubawa da na'ura, tikitin ya tashi daga aiki.

Gogewar kanta aikin minti biyu ne. A kashe wuta, a jira kan ya huce, a jiƙa tsinken auduga da sifirit mai tsabta irin na isofurofil, a goge layin ɗigogin a hankali, a juya rola ana goge ta, a bar su su bushe kafin a mayar da takarda. Ba a sa allura ko reza ko sukundireba, ko da kuwa takarda ta manne. A hure garin takarda daga ƙananan idanun da ke gane ƙarewar naɗi, domin idan ƙura ta rufe su na'urar kan yi ta kukan babu takarda alhali tana cike. A wuri mai ƙura, yin wannan duk mako bai yi yawa ba. Idan akwatin yana da fanka, a sa mata matata a riƙa wanke ta, in ba haka ba fankar ce za ta zama mai jigilar ƙura. Sannan kada a ƙure saitin baƙin rubutu: ƙarin baƙi ƙarin zafi ne, kuma zafi yana rage wa kan kwana.

Takardar araha ita ce ɓarawon da ba a zargi. Shafenta yana da kaushi, yana barin gari, wani lokaci kuma yana ɗauke da gishirin da ke cin kan bugu. Wasu masu sayarwa sukan ƙara kaurin kwalin tsakiya, naɗi ya yi kama da cikakke alhali mitocinsa sun ragu, don haka a tambayi tsawo, ba girman ido kaɗai ba. Ga akwati, a guji naɗin da aka manne ƙarshensa da gam a jikin kwali, domin idan ya zo ƙarewa zai ja kwalin ya cushe hanya. Jan layin da ke bayyana a gefen rasit kuwa ba lalacewa ba ne, sanarwa ce cewa naɗin ya kusa ƙarewa.

Tunda zafi ne alƙalamin, duk wani zafi yana iya rubutu. Katon ɗin takarda da aka ajiye a kwantena mai rufin kwano cikin bazara, ko rasit da aka bari a gaban mota cikin rana, kan yi duhu. Hasken rana da man shafawa da man gyaɗa da salatif da jakar roba mai laushi kuwa suna goge rubutun. A ajiye naɗi a inuwa, cikin ledarsa, nesa da janareta. Ma'aikacin da zai ba da bahasin kuɗin tafiyar aiki, ko ɗan kasuwar da ke riƙe da shaidar biyan haraji ko ta Remita, ya sani cewa masu binciken kuɗi na iya zuwa bayan shekara, su tarar da farar takarda a fayil. A ɗauki hotonsa da waya ko a yi fotokwafi a ranar da aka karɓa. Kada a kai shi a yi masa laminetin, domin zafin injin zai mayar da shi baƙi wuluk nan take.

Sinadarin da aka daɗe ana amfani da shi a shafen takardar shi ne BPA, wanda ake zargi da taɓa tsarin sinadaran jikin ɗan Adam. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a irin wannan takarda tun Janairun 2020, masana'antu da dama suka koma wani ɗan'uwansa mai suna BPS, wanda shi ma ake sa wa ido. Wanda ke karɓar rasit ɗaya a yini ba shi ne abin damuwa ba kamar kashiya ko mai POS da ke yagar ɗaruruwa. Ga irin waɗannan, ya dace a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a guji taɓa takardar da hannu mai danshin sanitaiza domin yana sauƙaƙa wa sinadarin ratsa fata, kuma kada a ƙunshe goro ko ƙosai a cikinta, ko a ba yaro ya yi wasa da ragowar naɗi.