Sabon Birnin Gobir: Garin Da Aka Gina Don A Huta Da Yaƙi

Wannan karon shafinmu ya leƙa gabashin Sakkwato ne, can bakin iyakar Nijar, ƙasar masu tsagen nan shida da bakwai a kumatu, abokan wasan Yarbawa.

Ko kun san sunan nan Sabon Birni da dalilinsa? Tsohon birnin shi ne Alƙalawa, inda Bawa Jangwarzo ya yi mulki. A 1808 masu jihadi suka ci shi, Sarki Yunfa ya rasa ransa, Gobirawa suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka tattaru a Tsibiri, kusa da Maraɗi. To da ma ɗan sarki bai raina kansa. Rigimar gida ta sa Ɗan Halima ya ɓalle da jama'arsa, ya sasanta da Sakkwato, ya kafa sabon gari a gefen gulbin Rima. Ita kuwa maƙwabciyarsu Isa, mai sarautarta ma Sarkin Gobir ake kiransa.

Arzikin wurin na cikin ƙasa. Da damina gero da dawa da wake a tudu, ruwa na janyewa sai a gangara fadama, shinkafa da albasa har sai an gaji da ɗauka. Yarinya kan fara tara kuɗin kwanukan aurenta daga kiwon 'yar akuya ko tallan fura. Akwai babban asibiti da makarantun sakandare, sai dai wutar lantarki baƙuwa ce, ruwan sha kuma galibi sai rijiya da burtsatse. Mai naƙuda a ƙauye, wallahi abin tausayi, sau da yawa a kan babur ake kai ta gari.

Sai ga masifar 'yan bindiga. A 2021 har layukan waya aka rufe, aka dakatar da cin kasuwannin mako, a Disambar shekarar kuma aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Manomi sai ya biya harajin dole kafin ya taka gonar ubansa. Dubban mata da yara sun tsallaka jihar Maraɗi, wajen dangin da kakanninsu suka baro, kuma 'yan mata sa'o'inku da yawa rabonsu da aji tun ranar da suka ɗaure ƙunshin kayansu.