Alhakin Kisa Idan Makami Ya Zaɓi Wanda Zai Kashe

A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri, cikin ƙasar Igabi, kusa da birnin Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Aka kai masu rauni Asibitin Barau Dikko. Sojoji suka amsa cewa kuskurensu ne, kuma a 2024 suka ce za a gurfanar da mutum biyu gaban kotun soja.

Abin lura shi ne, jirgin nan ba shi ya yanke shawara ba. Mutum ne ya dubi hoto, ya zaci 'yan bindiga ne, ya ba da izini. Saboda haka akwai wanda za a kira a tambaya. To, yanzu ana ƙera makaman da, in an sake su, su ke neman abin hari su kuma buɗe wuta da kansu. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna mai yiwuwa an yi amfani da irinsu, watau Kargu-2, a Libiya a 2020.

Ƙarin Yarjejeniyar Janiba na 1977 ya wajabta wa mayaƙa su rarrabe soja da farar hula, ya kuma ce a binciki kowane sabon makami. Amma Dokar Roma ta 1998 mutum take hukuntawa, kuma galibi sai an tabbatar da niyya da sani. Na'ura ba ta da niyya. Kwamanda zai ce bai san abin da za ta zaɓa ba, maƙeri ya ce ba shi ya aike ta ba. Sai magana ta koma bakin wakilin sunan nan namu mai rufa asiri: "an kashe", ba a ce wane ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da duba mas'ala mai kama da wannan. A cikin Risala, dabba in ta tattake mutum, alhakin yana kan mahayinta, ko mai janta, ko mai korarta. Ɓarnar da dabbobi suka yi wa gona da dare kuwa masu su ke biya. Ba a tambayar niyyar jaki. A ganina nan ne dokar ƙasashe ta kamata ta dosa: wanda ya saki makamin shi ke ɗauke da abin da ya yi, ko ya hango ko bai hango ba.

Tun 2014 ake tattauna batun a Janiba. A 2019 ƙasashe suka amince cewa ba a ɗora wa na'ura alhaki, amma wannan shiriya ce kawai, ba doka mai tilastawa ba. A Disamba 2023, watan da aka yi jana'izar Tudun Biri, ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Babban Taron Majalisar game da waɗannan makamai.