WAIWAYE ADON TAFIYA: NASIHA GA MAI HAWA KEKE A TITUNAN FAGGE DA SABON GARI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

  

Yau ba a kan wani ganye ko saiwa za mu yi magana ba. Rigakafi za mu tattauna, wanda ya fi magani sauƙi kuma ya fi shi araha.

Kwanakin baya aka shigo min da wani bawan Allah, tela ne a nan Fagge, ya ba hamsin baya, yana tallafe da hannunsa na hagu. Ya taso daga Kantin Kwari da ƙullin yadi a bayan keke, sai ga rami a gabansa. Ya kauce hagu kaɗan, bai fi taku ɗaya ba. Ashe akwai adaidaita sahu a bayansa, ta ɗauke shi. Da na taɓa kafaɗar na ji ƙashin wuyan ya goce, sai na ce wa 'ya'yansa wannan ba aikin shafe-shafe ba ne, a wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoto. Kafin su fita na tambaye shi: "Malam, ka waiwaya kafin ka kauce?" Ya ce, "Wallahi ban ji ƙarar komai ba." Na ce ai ba tambayar da na yi maka ke nan ba.

Wannan bawan Allah yanzu zai yi makonni bai taka keken ɗinki ba, ga iyali, ga kuɗin makaranta. Shi ya sa na ga ya wajaba mu tunatar da juna.

*ME YA SA MAGANAR TA TASO YANZU?*

Mu da muka manyanta mun ga zamanin da keke yake abin alfahari, Rali da Foniks, ana goge su kamar doki. Sannan babur ya zo ya ture shi. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, adaidaita sahu ta cika gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuwa, magidanta da yawa sun jawo tsohon kekensu daga zaure, an yi masa faci, an koma hawa.

Wannan alheri ne ga jiki. Tuƙa keke yana motsa jini, yana taimaka wa mai ciwon suga da mai hawan jini, kuma bai cika wahalar da gwiwa kamar gudu ba. Amma fa titin da ka bari shekara talatin da suka wuce ba shi ne na yau ba. Ka dubi Bata, ka dubi Yankura, ka dubi France Road ko bakin kasuwar Singa da rana tsaka: tirela na sauke kaya, 'yan kurkura, masu baro, bas, adaidaita, kowa na neman hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda ba ƙarfen da ya kewaye su.

*ƘA'IDA GUDA ƊAYA*

Idan ka manta duk abin da na rubuta, ka riƙe wannan: kada ka bar layin da kake tafiya a kai sai ka waiwaya.

Direban da ke bayanka ya riga ya auna inda kake, ya auna inda zai wuce. Muddin kana tafiya ɗoɗar, lissafinsa daidai ne. Da zarar ka karkata ba sanarwa, ko don rami, ko don kwata, ko don motar da ta faka, ka ɓata masa lissafi, kuma ba shi da lokacin gyarawa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ce "subhanallahi" ta shafe tsawon gida guda. Ka ga wanda ka hango can nesa ɗazu, yanzu yana ƙeyarka.

Tun canjin hannu na watan Afrilun 1972, ina yaro a makarantar allo lokacin, a hannun dama ake tuƙi a ƙasar nan. Mai keke yana gefen dama, abin hawa yana wuce shi ta hagu. Don haka kafaɗar hagu ita ce tagarka. Masu bin wanwe suna cewa wai gara su riƙa ganin motar da ke zuwa. Wannan kuskure ne babba. Idan kun fuskanci juna, gudunka da nasa haɗuwa suke yi, kuma direban da zai fito daga kwana ba ya duba ɓangaren da ka ɓullo.

*KUNNE SHAIDA NE, AMMA BA YA ISA SHI KAƊAI*

Kunne yana gaya maka akwai abu a baya. Ba ya gaya maka guda nawa ne. Ƙarar tifa tana rufe ƙarar ƙaramar motar da ke biye da ita, sai ka ga tifa ta wuce ka saki jiki. A Sabon Gari ga janareto, ga lasifika, ga oda ta ko'ina. Yanzu kuma an fara samun babura da adaidaita masu batir, waɗanda ba ka jin zuwansu sam.

Ban da haka, ji yana raguwa da shekaru a hankali, mutum bai sani ba. Alamarsa: kana yawan cewa "na'am?", ko iyali na cewa ka cika ƙure rediyo, ko a taron biki ka kasa tsintar maganar na kusa da kai. In ka ga haka, je a duba maka. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a asibiti a huta. Kada a soka tsinken ashana ko gashin kaza, tura dattin ciki suke yi, suna iya huda dodon kunne. Kuma kada a ɗiga wani mai ko ruwan ganye a kunnen da ke ciwo ko yake zubar da ruwa.

Ga matasanmu: cire iyafis idan za ka hau titi. Ko karatun Alƙur'ani kake sauraro, ka dakata sai ka isa. Karatu yana son nutsuwa, titi ma yana son tasa, zuciya ɗaya ba ta ɗaukar biyun. Lokacin sanyi kuma, masu naɗe kai da rawani ko mayafi, a sassauta wajen kunne.

*YADDA AKE WAIWAYE BA TARE DA KEKE YA KAUCE BA*

Mutane da yawa suna gudun waiwaye saboda da sun juya kai sai keken ya bi su hagu. Dalili shi ne kafaɗa tana jan hannu, hannu yana jan kan keke. Ga yadda ake yi:

1. Fara tabbatar gabanka babu kowa.
2. Sassauta riƙon hannun hagu, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu.
3. Kai haɓarka kan kafaɗar hagu, ka saci kallo na daƙiƙa ɗaya, ka dawo. In bai ishe ka ba ka sake. Gajeren kallo biyu ya fi dogo ɗaya.
4. Miƙa hannu sosai ka nuna inda za ka.
5. Sake waiwayawa, sannan ka karkata.

Waiwaye na biyun nan shi mutane suke bari, kuma shi ne mai ceton rai. Miƙa hannu roƙo ne, ba umarni ba. Sai ka ga direban ya rage gudu, ko kun haɗa ido, sannan ka san ya ba ka hanya. Waiwayen kansa ma magana ce: direba in ya ga fuskarka ya san kana shirin yin wani abu.

A gwada a gida. A sami fili bayan sallar asuba, a ja layi a ƙasa. Ka hau kana bin layin, ɗanka ya tsaya a baya ya ɗaga yatsu, ka waiwaya ka faɗi nawa ne ba tare da taya ta bar layi ba. Kwana kaɗan jiki zai saba. Duk yaron da ake aike kasuwa a keke, a yi masa wannan jarrabawa kafin a bar shi ya hau babban titi. Amana ce a wuyanmu.

*IN WUYA YA SANDARE*

Nan ne ɓangarenmu. Dattijo da yawa ba ƙin waiwaye yake ba, wuyan ne ya ƙi juyawa, musamman teloli da masu zaman shago da ke yini a sunkuye. Ka lura da kanka wajen sallamar salla: in juya kai yana yi maka nauyi ko ciwo, to a titi ma haka zai yi.

Abin da nake ba da shawara: a jiƙa tawul da ruwan ɗumi a ɗora a wuya da kafaɗa kamar minti 10. A shafa man zaitun ko man kaɗanya, in an so a haɗa da ɗan man habbatus sauda, a murza a hankali. Sannan a juya kai dama, a tsaya kaɗan, a juya hagu, sau biyar-biyar, safe da yamma. Ba da ƙarfi ba, kuma kada a bari wani ya "ƙasa" maka wuya. A rage tudun matashin kai.

Amma in juya kai yana kawo jiri, ko hannu yana dindiris ko ya yi sanyi ba ƙarfi, a ajiye keke a ga likita. Haka mai yanar ido, wanda fitilar mota ke kashe masa ido da dare. Wanda ya sha maganin mura mai sa barci, irin su Piriton, kada ya hau. Mai ciwon suga da ke shan magani ya kula da yunwa, musamman da azumi gab da magariba, lokacin da kowa ke sauri kuma hankali ya yi rauni.

Madubi yana taimaka wa mai ciwon wuya ƙwarai, a ɗaura shi a hannun hagu. Sai dai madubi mai doro yana nuna mota kamar tana nesa alhali ta matso, kuma ba ya nuna wanda ya riga ya zo gefenka. Madubi na lura ne, waiwaye na yanke hukunci.

*ABUBUWA HUƊU DA AKE KIYAYEWA A TITUNANMU*

• *Adaidaita sahu:* zai wuce ka, ya hango fasinja, ya yanko gabanka ya tsaya. Duk wanda ya wuce ka, ka sa yatsu a birki. In ya tsaya, kada ka zagaye shi sai ka waiwaya.

• *Tirela da tifa:* in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kada ka kutsa tsakaninta da bakin kwata, musamman a kwana, domin tayoyin baya suna yanke kwana fiye da na gaba.

• *Bakin titi:* kada ka manne da kwalbati. Bar kamar kamu biyu, don in abu ya taso ka sami wurin kaucewa ta dama, ba cikin motoci ba. Haka kusa da motar da ta faka, ana iya buɗe ƙofa.

• *Dare da hazo:* a sa jar fitila ko abu mai ƙyalli a baya, a sa tufa mai haske. A tattare babbar riga kada sarƙa ta kama, kuma kada kayan da ka ɗaura a baya su tare maka gani. Hular kwano ba ta masu babur kaɗai ba ce.

In mahaɗa ta rikice, kamar shataletale a lokacin tashin kasuwa, sauka ka tura kekenka ka tsallaka da ƙafa. Ba ragwanta ba ce. Sauri ya haifi nawa.

*IN TSAUTSAYI YA AUKU*

Kada a ɗauki mutum hannu da ƙafa a jefa a adaidaita in yana kukan wuya ko baya. A tare hanya, a riƙe kansa kada ya motsa, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ɗura masa ruwa. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, in ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jini ya fito ta kunne, asibiti kai tsaye. Ni mai maganin gargajiya ne nake gaya muku: wannan ba namu ba ne.

*KAMMALAWA*

Wani zai ce, "Malam, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne, komai da ƙaddara. Amma Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa da wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, an umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Ka karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf aya ta 13 da 14, sannan ka yi aiki da ido da kunne da wuyan da aka ba ka. Addu'a da waiwaye ba kishiyoyi ba ne.

Ku kuma masu mota da adaidaita da ke cikin wannan zaure, wancan mai keken da ke gabanku uban wasu ne, ana jiran sa da cefane. Ku ba shi fili, ku yi oda tun daga nesa, ba sai kun zo ƙeyarsa ku firgita shi ba. Kau da cuta daga hanya yana cikin haƙƙin hanya.

Uwargida, in maigida ko yaro zai fita da keke gobe, ki tuna masa kalma ɗaya: waiwaya.

Allah Ya kiyaye mu, Ya tsare iyalanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa, wataƙila ka zama sanadin tsirar wani.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.