KWAMFUTA SABUWA FIL TANA MUTUWA TANA TASHI: LAIFIN WA NE?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kuje

Yau daga Kuje na ɗauko muku labari, watau ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wadda ba ta da nisa da filin jirgin saman Abuja. Garin manoma ne tun asali, amma tun da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suke ta kwararowa saboda sauƙin haya, har ya zama yanzu da wuya ka bi babban titi ba ka ga shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo ba.

Da yawa daga cikin waɗannan shaguna da guminku aka buɗe su. Mutum yana can Agege ko Idi Araba yana canji, ko sayar da dabbobi, ko gadi, sai ya tara 'yan kuɗinsa ya shiga kasuwar Computer Village ta Ikeja, ya sayi kayan kwamfuta ɗaiɗai, ya ba direba ya kawo wa ƙanensa a haɗa, don yaro ya sami sana'a ya daina zaman kashe wando. To, a nan ne wata rigima takan ɓullo, wadda na gani da idona a cikin danginmu.

Wani ɗan baffana da ke Ikko ya aiko wa ƙanensa irin waɗannan kaya. Aka haɗa kwamfuta, ta tashi lafiya lau, aka yi murna. Ba a yi mako guda ba sai ta fara wani hali: ana cikin bugun takardar mutane sai allon ya yi baƙi, ta sake tashi da kanta kamar an taɓa ta, aikin da aka yi kuwa ya tafi ke nan. Wata rana sau biyu, wata rana sau bakwai, wata rana kuma ko sau ɗaya. Ƙanen ya buga waya ya ce, "Yaya, an cuce ka, tsofaffin kaya aka wanke aka sayar maka." Wan ya ce, "Kai dai ka ba wanda bai iya ba ya haɗa." Wanda ya haɗa ya rantse ba laifinsa. Wata gwaggonmu ma cewa ta yi a nemo hayaƙi, shagon ba lafiya. Har ta kai wa da ƙane sun yi kwana goma ba sa gaisawa.

Da muka rasa yadda za mu yi sai muka sami wani mai gyara da ya daɗe a sana'ar. Abin mamaki, bai ko kwance akwatin ba. Littafin rubutu ya ce a sayo, duk lokacin da ta mutu a rubuta ƙarfe nawa ne, wane aiki ake yi, wutar gwamnati ce ko janareta, kuma me ke faruwa a maƙwabta. Dalilinsa shi ne, ciwon da ke zuwa yana tafiya ba a kama shi da zato, sai da lissafi.

Kafin in gaya muku abin da littafin ya nuna, bari in yi ɗan bayani a kan cikin kwamfuta. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka a bayanta, wanda wayar wuta take shiga. Shi ne akwatin wuta. Aikinsa ya karɓi wutar bango, wadda a ƙasar nan ya kamata ta zama bolt 230, ya mayar da ita bolt 12, da 5, da 3.3, ya rarraba wa sauran kaya. In wutar bango ta ƙifta, akwati mai kyau yana iya riƙe kwamfutar na ɗan lokaci ƙanƙane ainun, kimanin kashi 16 cikin 1,000 na sakan ɗaya. In ƙiftawar ta wuce haka, ko kuwa akwatin na banza ne, sai kwamfutar ta faɗi ta sake tashi, alhali kai da ke zaune ko ƙwan fitila ba ka ga ya motsa ba. Bugu da ƙari, wasu akwatunan an rubuta a jikinsu suna aiki daga bolt 100 zuwa 240, wasu kuwa daga 200 zuwa 240 kaɗai. A unguwar da wuta takan zo ba ƙarfi da yamma, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Bayan kwana biyar aka duba littafi. Mutuwar duk da rana take, ba ta taɓa yi da asuba ba, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ba ta yi ko sau ɗaya ba. Sai aka lura ashe mai walda da ke bayan shagon ba ya aiki a wannan lokaci, kuma layin wutarsu ɗaya. Duk sa'ad da ya ɗora sanda a ƙarfe sai wuta ta ja baya. Aka ɗauki kwamfutar aka kai wani gida a wata unguwa, ta yi kwana biyu tana aiki ba ta ce uffan ba.

Amma kada ku yi saurin ɗora wa mai walda laifi, domin injin hoto da ke shagon bai taɓa damuwa ba. Da aka ciro akwatin wutar sai aka ga ba shi da nauyi ko kaɗan, ga shi an rubuta masa wat mai yawa, ba sunan kamfanin kirki. Wan ya zuba kuɗi a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta da babban allon da ake dasa kaya a kai, da ya zo kan akwatin wuta kuɗi sun yi ƙasa, sai ya karɓi wanda aka ba shi gyara tare da gangar jikin. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Aka sayo akwati mai nagarta, aka haɗa da na'urar UPS mai batir wadda ke tare wuta in ta ƙifta, tun daga ranar ba a sake jin kanta ba.

To, ba kullum ne wuta take da laifi ba, sabo da haka ga sauran wuraren da masu gyara suke dubawa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, a tambayi kwamfutar da kanta. Manhajar Windows tana da wani wuri da ake kira Event Viewer inda take rubuta abin da ya same ta. In ka ga Kernel-Power mai lamba 41, ma'anarsa ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Wannan bai faɗi dalili ba, amma ya ba ka lokacin daidai, sai ka gwada da littafinka. Har ila yau, an saita Windows ta sake tashi da kanta in ta yi karo da babban kuskure. Mai gyara yakan cire wannan umurni, don in laifin manhaja ne sai ta tsaya ta nuna saƙon kuskure a karanta. In kuwa duk da haka baƙi kawai take yi ta tashi, to hankali ya koma kan wuta da kayan ƙarfe.

Na biyu, wayoyin ciki. Akwai babbar waya mai baki 24 da ke shiga babban allo, da wata mai baki 8 ko 4 ta ƙwaƙwalwa. Sabon mai haɗi yakan ji tsoron dannawa, sai ta zauna rabi da rabi. A kashe wuta, a zare daga bango, a danna kowace har ƙugiyarta ta kama. A duba kuma 'yar siririyar wayar maɓallin sake tashi da ke gaban akwati, domin in maɓallin ya lalace shi kaɗai ya isa ya jawo wannan ciwo. A cire ta a gani.

Na uku, ram, watau 'yan sandunan nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsu. Kayan da suka sha hanya daga Ikko zuwa Kuje a bayan mota sun sha girgiza. A zare su a mayar har su ce ƙas. In biyu ne a gwada ɗaya ɗaya. Akwai manhajar MemTest86 da ake sa wa a filasha a bar ta ta kwana tana gwaji, kuskure ko guda ɗaya ta nuna ya isa shaida. In kuma mai haɗi ya ƙara wa ram gudu a cikin BIOS, a mayar da shi yadda ya zo daga kamfani tukuna.

Na huɗu, zafi. Kun san Kuje a watan Maris da Afrilu, ga shago mai rufin kwano. Sau da yawa akan manta a ɓare 'yar ledar da ke ƙasan abin sanyaya ƙwaƙwalwa, ko a manta man da ake shafawa tsakaninsu. Ƙwaƙwalwa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudu, in abin ya ci gaba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fanka, sai a riƙa hurewa, kuma kada a ajiye akwati a ƙasa.

Sharaɗin duka shi ne a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira a gani. Wanda ya canja abu uku rana guda, ko ta warke bai san wanne ne maganin ba, ya kuma yi asarar kuɗin biyu.

Ku kuma masu saye a can Kudu, ga tawa shawarar. Kada a bar akwatin wuta ya zama na ƙarshe a lissafi, a ware kuɗinsa da na UPS tun farko. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya, a yi magana a kan kwana nawa za a iya mayarwa. In da hali a sa a haɗa a gabanka a can, ta yi yini tana aiki kafin a ɗaure. Sa'an nan ka tambayi na gida irin wutar unguwarsu, da wanda suke layi ɗaya da shi, da irin janaretan da za su sa, domin ƙaramin janareta da aka ɗora wa firji da dutsen guga ba abokin zaman kwamfuta ba ne.

Su ɗan baffana dai sun shirya, wan ma ya aiko da kuɗin injin buga takarda na biyu. Littafin nan kuwa yana nan a shagon, yanzu bashi ake rubutawa a ciki. Allah ya sa wa nema albarka, ya bar zumunci.