Maganin Amodari da Watan Farko na Jariri

A Nijar ba mu baƙunta da azitromisin ba. Shi ne ake rabawa ƙauye-ƙauye saboda amodari, a tsayar da yaro jikin sandar awo, a duba tsawonsa, sannan a zuba masa na ruwa. Likitocin ido ne suka fara lura, a ƙasar Habasha a 2009, cewa garuruwan da aka raba maganin ba ciwon ido kaɗai ya ragu ba, har mutuwar yara ta ragu.

An zo an gwada abin a maƙwabtan Filinge. Daga Filinge in ka bi Dallol Boso ka yi kudu za ka faɗa Boboye, ga kuma Loga can gefe. A waɗannan yankuna biyu na jihar Doso, tare da ƙasashen Malawi da Tanzaniya, aka yi binciken da ake kira MORDOR. Sau biyu a shekara ana ba yara daga wata 1 zuwa wata 59, wasu ƙauyuka maganin gaske, wasu mai kama da shi wanda ba kome a ciki. Da sakamako ya fito a 2018, mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku, a Nijar kuwa da kashi 18. Waɗanda suka fi amfana su ne ƴan wata 1 zuwa 5. Wani binciken, AVENIR, da aka yi a Doso da Tawa, ya sake nuna raguwar kashi 14 a 2024.

Na yi murna da wannan labari, don na sha zaman makokin yaran da zazzaɓi ko zawo ya ɗauke tun ba su fara rarrafe ba. Amma akwai wanda maganin bai kai gare shi ba, shi ne jaririn da bai cika wata ba. A Burkina Faso an gwada shi kan jarirai fiye da 21,000, ƴan kwana 8 zuwa 27, ba a ga ya rage mutuwa ba. Ga shi kuma likitoci na kaffa-kaffa da shi a wannan lokaci, don yana iya toshe mafitar tumbi, jariri ya yi ta feshin amai.

To me ke kashe ɗan kwana uku? Bakwaini ne, ko wahalar haihuwa da ta hana shi numfashi, ko ƙwayar cuta da ta shiga jini, sau da yawa ta cibiya. Na taɓa zama kusa da wata gwaggona tana gasa cibiyar jikanta da tsumma mai ɗumi, ta lakato man shanu ta shafa, ta barbaɗa toka. Da ƙauna ta yi, haka ta ga ana yi. Sai dai cibiya ɗanyen rauni ce. Bincike a Nefal da Bangaladash da Fakistan ya nuna shafa maganin kuloheksidin yana rage ruɓewarta, shi ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi ga haihuwar gida a inda jarirai ke yawan mutuwa. Cibiya kawai ake shafa wa; ya makantar da jariran da aka ɗiga wa a ido bisa kuskure.

Dakashi ma, da wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, shi ne kariyar farko. Ruwa ba na jariri ba ne ko da a zafin bazara, nono ya ishe shi har wata 6. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, a ɗauke shi zuwa likita a ranar, ba sai an yi suna ba, ba kuma sai wanzami ya cire belu ba.

In muka koma kan azitromisin, abin da ke damuna shi ne masu tallar magani a tire ranar kasuwar Filinge. Masu binciken Doso da kansu sun ga ƙwayoyin cuta masu bijire wa azitromisin sun ƙaru a ƙauyukan da aka yi rabon, alhali can da awo ake bayarwa. A tire kuwa iya kuɗinka iya abin da za a ƙirga maka.