Lasin Tuƙin Jirgin Sama: Takardar Da Ba Ta Ƙetare Iyaka Sai Da Izni

Daga Wakilinmu

Mutane da yawa suna zaton wanda ya sami lasin tuƙin jirgin sama a wata ƙasa ya sami ikon tuƙa kowane jirgi a ko'ina cikin duniya. Al'amarin ba haka yake ba.

Tushen maganar shi ne yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a birnin Cikago ran 7 ga Disamba, 1944, wadda ta haifi Ƙungiyar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO. Yarjejeniyar ta ce ƙasar da aka yi wa jirgi rajista a cikinta ita ce za ta ba matuƙinsa lasin, ko kuwa ta amince da wanda ya zo da shi. Alamar rajistar tana jikin jirgi: harafin N na Amurka ne, G na Ingila, 5N kuwa na Nijeriya.

Bayan lasin akwai wata shaida ta dabam, ta tuƙi da na'ura. Ita ce ke ba matuƙi izni ya shiga cikin gajimare ko hazo irin na hunturu, inda ido ba ya ganin ƙasa, ya dogara ga na'urorin da ke gabansa kaɗai. Samunta yana cin kuɗi da lokaci, saboda haka mai ita ba ya son a ce ya koma farko.

Shekara da shekaru masu ƙananan jirage a Turai suna zuwa Amurka su samo wannan shaida, domin karatunta ya fi sauƙi a can, sa'an nan su komo gida suna tuƙa jirage masu harafin N. Da Tarayyar Turai ta haɗa dokokin lasin wuri guda cikin 2012, sai ta ce mazaunin Turai dole ya riƙe lasin Turai, ko da jirginsa na rajistar waje ne. An yi ta ɗaga wa'adin har ran 20 ga Yuni, 2022.

Amma an buɗe ƙofofi biyu. Tun 2014, wanda ke da shaidar waje, ya kuma yi awa 50 yana shugabancin jirgi bisa dokokin tuƙi da na'ura, ba ya komawa aji. Jarrabawar tuƙi zai yi, a yi masa tambayoyin baki kan dokokin sama da yanayi da shirin tafiya. Har ila yau, cikin Mayu 2021 wata yarjejeniya tsakanin Amurka da Turai ta fara aiki, ta sauƙaƙa musanyar lasin masu tuƙin ƙashin kansu. Lasin masu tuƙin haya ba ya ciki.

Matuƙan Ingila kuwa siyasa ce ta rutsa da su. Da ƙasarsu ta fice daga tsarin Turai a ƙarshen 2020, lasinsu ya daina aiki a jiragen ƙasashen Tarayyar. Waɗanda suka hango abin tun da wuri sun mai da takardunsu Ailan ko Austiriya. Ingila ita ma ta karɓi lasin Turai na shekara biyu kacal, zuwa ƙarshen 2022.

Darasin ya shafi ɗalibanmu da ma'aikatun da ke ba su kuɗin karatu. Wanda ya koyo tuƙi a waje sai Hukumar NCAA ta amince da lasinsa ko ta musanya masa kafin ya zauna a jirgi mai alamar 5N. Saboda haka kafin a biya makaranta ko sisi, a tambaya: lasin wace ƙasa za ta bayar, kuma me za a nema wajen musanyarsa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.